Sandunan Elphas Ba Itacen Girki Ba Ne

Jawabin da Uwargida Nyokabi Gathogo, mai tantance kaya a tashar dakon kaya ta Kariandusi, ta yi a taron tunawa da marigayi Elphas Lusweti, kafinta, a harabar shagonsa da ke Gilgil. Iyalinsa ne suka nemi a rubuta a raba.

Mai girma Fasto Okwemba, shugaban cocinmu. Mai girma Cif Kimotho, wanda ya baro wani taro ya zo wannan. Uwargida Philippa Marchbank, shugabar ƙungiyar mahaya dawaki, da mahayanta manya da ƙanana. Dattawanmu da suka taso tun daga Bungoma, Baba Masinde yayan marigayi da duk tawagarsa. Mama Nanjala, 'yar'uwata, matar marigayi, wadda abin ya fi shafa. 'Yarsa Nanjala da ƙannenta. Direbobi da 'yan lodin tasharmu, da 'yan bargar da na hango can baya sun ƙi zama. Ina gaishe ku duka, kowa da girmansa. Sannunmu da wannan rashi.

Da Mama Nanjala ta aiko a ce mini ni zan yi magana yau, cewa na yi a koma a sake tambayarta, ƙila an ɓata gida. Duk garin Gilgil babu wanda ya yi rigima da Elphas Lusweti kamar ni. Ga fasto, ga abokan shan shayinsa, ga waɗanda suka ci arzikinsa, a rasa wadda za a ɗauko sai matar da ta shekara ashirin da ɗoriya tana ce masa a'a? Sai ta ce a gaya mini ai dalilin ke nan. Wai kullum in ya dawo gida, kafin ya wanke hannu, sai ya ba da labarin abin da "matar sikelin nan" ta yi masa yau. To ga matar sikeli ta zo.

Baƙinmu na Bungoma ba su san aikina ba, bari in gaya musu. Ni ce ke tsaye a bakin sikeli a tasha. Duk kayan da za su hau babbar mota, sai na duba na faɗi ajinsu: abinci ne, kayan gini ne, kayan ɗaki ne, katako ne, ko kayan wasa. Ajin ne ke faɗin abin da za a biya, da takardar da za a nema, da irin kayan da za a haɗa su da su a mota ɗaya. Elphas kuwa shi ke ƙera shingayen da dawaki ke tsallakewa a gasa: dogayen sandunan nan masu zanen ja da fari, da tsayayyun katakan gefe da ke riƙe su, waɗanda muke ce wa fukafukai, da ƙofofi, da katangar katako. Shi ya ƙera, ni in yanke aji. Kun ga ke nan ba a halicce mu don mu zauna lafiya ba.

Kafin in fara yabonsa, bari in faɗi abin da ke cin ran kowa a nan, wanda kowa ke yi kamar bai sani ba. Akwai kaya a bayan rumfar can. Aikin Elphas na ƙarshe ne, na mahayan Arusha, can ƙetaren iyaka. Ya gama sassaƙa, bai kai ga fenti ba ciwon ƙirjin nan ya kwantar da shi. Motar Arusha ranar Alhamis za ta tashi. Baba Masinde ya gaya wa dangi cewa in kayan nan suka tashi, ya yarda Nanjala ta iya riƙe shagon ubanta. In ba su tashi ba, a sayar da kayan aiki, a rufe ƙofa, uwa da 'ya'ya su koma Bungoma. Na yi maka ƙarya, Baba? Kun gani, ya girgiza kai, ban yi ba. To ku riƙe wannan a ranku yayin da nake ba ku labarin mutumin.

Ya kasance mai taurin kai. Na san ba da wannan ake fara yabon mamaci ba, amma Fasto ya hana mu ƙarya a coci, ban ga dalilin da za mu yi ta a nan ba. Ranar da na fara ganinsa, ya turo kura cike da sanduna tsirara, ko ɗigon fenti babu, wai a kai masa Nanyuki. Na duba, na ce katako ne daga daji, ya je ya karɓo takardar masu gandun daji, abin da kan ci makonni. Ya ce: "Madam, waɗannan kayan wasa ne, dawaki ne za su tsallake su."

Na ce: "Bawan Allah, doki yana tsallake rami ma. Rami kayan wasa ne?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce: "Ke 'yar Kikuyu ce ko? Na gani a idonki. Ko iska ta wuce ta kan sikelin nan sai kin caje ta."

Na ce: "Kai kuma ɗan Luhya ne, ku da son kaza, na ji ƙamshinta tun daga bakin ƙofa. Matsa, akwai mutane a bayanka."

Bai matsa ba. Ya tambaye ni me ya raba katako da kayan wasa. Na ce masa abin da aka gama aikinsa, aka yi masa fenti, duk wanda ya gani ya san ba gini za a yi da shi ba, ba girki ba. Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Ya bar mini kurarsa a tsakiyar hanya, ya tafi kasuwa, ya dawo da gwangwani biyu da burushi. A gabana, a bakin sikelina, ya tsuguna yana shafawa yana waƙar coci da ƙarfi don in ji haushi. Na kuwa ji. Da ya gama ya miƙe ya ce: "Madam, yanzu fa?" Na ɗauki biro na rubuta kayan wasa.

Abin da ba mu yi tunani ba, daga ni har shi, fentin bai bushe ba. Motar nan tana ɗauke da dammunan gashin tumaki na wani Ba'indiye. Aka isa Nanyuki, aka buɗe, gashin tumaki ya fito da layi-layi ja da fari. Ba'indiyen ya zo har tasha yana tsalle yana rantsuwa da yarensu, Elphas kuwa ya tsaya da fuskar salihai yana ba shi shawara wai ya sayar wa masu saƙa rigar ƙwallo, an riga an rage musu aiki. Tun daga ranar na kafa doka ta biyu: ba fenti kawai ba, busasshen fenti. Ina da farin hankici a aljihu. In na goga ya ɗauko launi, kaya ba sa tashi. Direbobi suna can suna dariya, sun san hankicin.

Ya kasance mai dabara, kuma in gaya muku gaskiya, rabin dabararsa don ya ƙure ni ya ƙirƙiro ta. Kun san katangar da yake yi, akwatunan katako marasa komai a ciki, a zana musu bulo, in doki ya taɓa su zube. Ya kawo su wata rana yana washe baki, wai a auna. Aka ɗora a sikeli, allura ko motsin kirki ba ta yi ba. Ya ce: "To, Madam, yau sai ki yi haƙuri, ba nauyi." Na ce masa kayan da ba nauyi amma sun cinye rabin mota, da wurin da suka ci ake lissafinsu, ba da sikeli ba. Ya ɗora hannu a ka, ya kira 'yan lodi shaida: "Jama'a, ban gaya muku ba? Na ce wata rana matar nan za ta sayar mini da iska, ga shi ranar ta zo!"

Ya ɓace ya daina gaishe ni har a coci. Ashe yana nan cikin rumfar nan yana aune-aune. Da ya dawo, ya zo da akwatunan da kowanne ke shigewa cikin ɗan'uwansa kamar kwanonin miya, katanga guda ta koma ƙunshi ɗaya. Ya sa wa fukafukan maɗauri suna naɗewa su kwanta shafal. Ya jera su a gabana yana tarin ƙarya. Na zagaya, na auna, na sake zagayawa, ban sami inda zan kama shi ba. Na ce: "Ba laifi." Mama Nanjala ta ce mini a ranar kaza biyu aka yanka a gidan nan saboda wannan "ba laifi" ɗin. Yau daga Timau har Karen, duk wanda ke ƙera shingen doki, irin na Elphas yake kwaikwayo. Uwargida Philippa ta taɓa ce masa a gaban jama'a shi gwani ne. Ya ce: "A'a, Madam, wahala ce. Ki je ki tsaya gaban waccan matar sau ɗaya, ke ma za ki zama gwana."

Ya kasance mai tsoron doki. E, na faɗa! 'Yan barga sun sani, mahaya sun sani, danginsa ne kawai ya ɓoye wa. Mutumin da ya ci ya sha da dawaki duk rayuwarsa bai taɓa ɗora ƙafa a likkafa ba. Cewa yake dabbar da ke cizo ta gaba, ta yi harbi ta baya, tsakiyarta ba wurin zaman mai iyali ba ne. Wata shekara a gasar Nanyuki yana tsakiyar fili yana gyara sanda, wata goɗiya ta kuɓuce ta nufo shi, ita ba komai take nema ba illa gasasshiyar masarar da ke aljihun kwat ɗinsa. Elphas ya ranta a na kare, ya ɗare kan katangarsa. Ya manta shi da kansa ya ƙera ta don ta zube in an taɓa. Ta kuwa zube. Aka tono shi daga cikin akwatuna, goɗiya na tsaye a kansa tana cin masara. Kalmar farko da ta fito daga bakinsa ita ce: "Kun ga aiki? Ko yaro ya taɓa sai ta faɗi."

Muna dariya, amma a nan ne zuciyar aikinsa take. Ya kasance mai tausayin dabbar da yake tsoro. Bai taɓa sayar da ɗanyen itace ba. Ya ce ɗanyen sanda nauyi gare ta, in doki ya buge ta ba ta faɗuwa da sauri, ƙafar dokin ce ke biya, wani lokaci har da wuyan wanda ke kai. Sai itace ya shekara biyu ko uku a inuwa yana bushewa kafin ya sa masa wuƙa. Duk sandar da ya gama, sai ya ɗora ta a mazauninta ya buge ta da ƙaurinsa, ya ga ko za ta faɗi yadda ya kamata. Ku tambayi Mama Nanjala yadda ƙafafun mijinta suke. Iyaye da yawa a nan sun sa 'ya'yansu a kan doki suna kallo hankali kwance, ba su san wani ya riga ya karɓi bugun a madadinsu ba.

Ya kasance namu, mu mutanen Gilgil. Sandar da ta tsufa a gasa ba ya jefar da ita. Ku dubi bencin da kuke zaune a kai. Ku duba mana, kada ku ji kunya. Cif, kai ma naka mai layin kore da fari ne, doki ya tsallake shi ya fi a ƙirga kafin ka samu. Cocinmu kaɗai ne a lardin nan mai benci masu zane, baƙi in sun shigo sai su ɗauka bikin yara ake yi. Turakun ragar ƙwallon makarantar firamare, shi ne. Makarin gadar da mata ke bi zuwa kasuwa, wadda a da duk damina sai wani ya zame, shi ne. Kuma shi ya matsa wa ƙungiyar mahaya, ya yi ta naci kamar mai bin bashi, har suka yarda ranar Lahadi bayan coci a bar 'ya'yan 'yan barga su hau su koyi tsallake, shi kuma ya ba da shingaye kyauta. Biyu daga cikin yaran nan yau su ake kira a lasifika a Nairobi. Ga su can tsaye a baya, sun yi girma sun fi ƙarfin benci.

To, yanzu mu dawo bayan rumfa.

Baƙinmu sun iso shekaranjiya, mota cike. Taro irin wannan sai da wuta, kowa ya sani. Mutanen Bungoma kuwa ba sa tunawa da mamaci da ɗan biskit. Aka kafa manyan tukwane, mata suka ce ina itace? Nanjala ta tafi kasuwa sayen gari, Mama Nanjala tana ɗaki da masu gaisuwa. Baba Masinde, a matsayinsa na babba, ya zagaya gida don ya share wa mata hawaye. Ya leƙa bayan rumfa, ya ga busassun sanduna jere, sumul, ba ƙwaro ba danshi. Ya ce: "Kai, ƙanena akwai tanadi! Ku zo ga itace nan kamar ya san za mu zo." Aka kawo zarto.

Jama'a, ugalin nan, tuwon masarar da muka ci yau, da kajin nan da Fasto ya yi wa addu'a sau biyu, da shayin da ake ta zagayawa da shi, da shingen Arusha aka dafa su. Kafin Nanjala ta dawo ta fasa ihu, kusan rabin sandunan an yayyanke su gunduwa-gunduwa, wasu har sun zama toka. Kada kowa ya tofar, an riga an haɗiye. Ni ma na ci, kuma ban taɓa cin ugalin da ya nuna kamar wannan ba. Itacen shekara uku ne fa.

Baba Masinde, ɗago kanka. Ban kawo wannan don in kunyata ka ba, kuma duk wanda ya ce da gangan ka yi, ya zo ya same ni. Kai manomin rake ne. A wurinka sandar da ba fenti itace ce. To ka san wani abu? A littafin aikina ma haka take. Shekara ashirin da ɗoriya ina gaya wa ƙanenka wannan magana yana ce mini ban san komai ba, yau ga yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ya goyi bayana a gaban shaidu. Da Elphas yana nan da sai an riƙe shi.

Jiya da safe Nanjala ta same ni a tasha, idonta jawur. Yarinyar nan a gabana ta girma, tun tana riƙe wa ubanta gwangwanin ƙusa har ta fi shi iya fitar da layin fenti, shi ma ya sani, bai dai taɓa faɗa ba. Ta ce: "Anti, ki taimake ni. Abin da ya rage ki bar shi ya tafi haka. Ki rubuta kayan wasa, ai kin san su ne. Sau ɗaya dai ki kawar da kai, don Baba."

Na ce: "A'a."

Ta ce: "Anti, ko yau ma a'a?"

Na ce: "Ko yau ma." Allah ya sani, ban taɓa faɗin kalmar nan ta yi mini ɗaci a baki kamar jiya ba. Amma in na kawar da kai, na bakin iyaka ba zai kawar ba. Zai ɗaga tamfol ya ga sanduna tsirara da takardar da ta ce kayan wasa, ya tsare mota, ya tsare direba, kuma sunan da ke kan takardar naki ne, ba na ubanki ba. Kayanki na farko ke nan, a ce an kama su da sunan fasa-ƙwaurin katako? Ba da hannuna ba. Ta fita ba ta yi mini sallama ba, na kuma ji daɗin hakan, saboda ubanta ma haka yake fita.

Saura maganar sandunan da suka ƙone. Busasshen itace irin wannan ba a samunsa a kasuwa, ɗanye kuwa Nanjala ta ce ko za a rufe shagon ba za ta aika wa dokin mutane ba. A nan ne Mama Nanjala ta kira mu jiya da rana, ta nuna mana saman rumfa, can ƙarƙashin kwano. Akwai wasu sanduna a ɗaure, waɗanda suka fi kowanne miƙewa. Elphas ya daɗe yana ware su ɗaya-ɗaya. Baranda zai yi da su a gidansu na Bungoma, inda in ya ajiye aiki su biyu za su zauna su sha shayi suna kallon rake. Na ce mata: "'Yar'uwa, ki yi tunani, waɗannan naki ne." Ta ce: "Nyokabi, ni da wa zan zauna a barandar? Ku sauko da su."

An sauko da su. Nanjala ta yanke, ta goge, sun cika adadi. Abu ɗaya ya rage, shi ne fenti: shafa biyu, kowace sai ta bushe kafin a ɗora wata, ga sanyin Gilgil da ba ya barin komai ya bushe da wuri. Hannu biyu ba za su iya ba kafin Alhamis. Amma ni na iya ƙirga kaya, kuma tun da na tsaya nan nake ƙirga hannuwan da suka ci kaza.

Gwangwanayen suna nan a ƙarƙashin teburin nan, direbobinmu ne suka kawo. Burushi kuwa mai kantin kayan gini ya ba mu aro duk abin da yake da shi. Na san kun sa kayanku na zuwa coci. Akwai buhuna, a huda a zura kai. Uwargida Philippa, mahayanki sun shekara suna zubar da sandunan mutumin nan, yau su ɗaga. Cif, ba a ce ka shafa ba, ka riƙe gefe ɗaya ka ba da umarni, ka saba. Fasto, fari ya dace da kai.

Amma ba wanda zai taɓa gwangwani sai babban gida ya fara, haka al'adarku take, mu ma mun san ta. Baba Masinde, kai ka yi sharaɗi, ba kuma don mugunta ka yi shi ba. Tsoro kake kada matar ƙanenka da 'ya'yansa su wulaƙanta a garin da ba nasu ba, ka ce gara a mayar da su inda idonka zai kai. Wannan tunanin babba ne, mun gode maka. Sai dai ka duba wurin nan da kyau, ka ga ko garin da ba nasu ba ne. Yarinyar nan an ba ta zaɓi tsakanin ɗanyen itace da rufe shago, ta zaɓi rufe shago. Wace jarrabawa kuma ta rage? Sandunan barandar gidanku ne, ba za su tsallaka iyaka ba sai da yardarka. Ga burushi a hannuna. Ba zan sauke hannun nan ba, kuma ka tambayi direbobi, na iya jira.

Ina jira, Baba.

To! Ku ba shi hanya. Ku matsar da bencin nan, ku bar dattijo ya wuce. A'a, Baba, cire kwat ɗin tukuna, wani ya karɓa masa. Ja kake so ko fari? Wai ja, kun ji, ya ce shi ya ci kaza ya fi kowa, a ba shi mai wahalar. Nanjala, tashi ki nuna wa babanki inda layi yake farawa. Yi kukanki kina tafiya, ba komai, kada dai ki ɗiga a gwangwani.

Ku ɗan dakata mini kaɗan, sauran ku, ban gama ba, kada ku ture Fasto.

A madadin mutanen Gilgil, ina gode wa Mama Nanjala da ta ba mu aron mijinta duk shekarun nan, ta kuma sha labarina kullum maraice ba ta taɓa zuwa ta mare ni ba. Mun gode wa dangi da suka sha doguwar hanya. Mun gode wa matan da suka yi girki, laifin ba naku ba ne, an ce muku itace ne. Mun gode wa ƙungiyar mahaya, da 'yan barga, da duk wanda ya kawo ko da ganyen shayi ne.

Ke kuma Nanjala, ki ji ni daga inda kike. Ranar Alhamis zan tsaya a bakin sikeli da hankicina, kuma ba zan yi miki sauƙi ba. Abu ɗaya nake roƙo. Tun da ubanki ya kwanta, duk wanda ya zo gabana sai ya ce "to, Madam", ya biya, ya wuce. Tashar ta yi shiru, na rasa abin da ke mini daɗi a cikinta, har na fara tunanin ajiye aiki. Na yi kewarsa ƙwarai, ban san zan yi ba. Don Allah in kin zo, duk abin da na ce, kada ki ce "to". Ki ce ban san komai ba. Ki kira 'yan lodi shaida.

Mu sunkuyar da kai.

Ya Ubangiji, ga bawanka Elphas Lusweti ya iso gare ka. Ka san shi fiye da yadda muka san shi, ka san gardamarsa, ka kuma san abin da ke ƙarƙashinta. Ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutun da bai samu ba a nan. Ka sanyaya zuciyar matarsa, ka tsaya wa 'ya'yansa, ka ƙarfafa hannun 'yarsa a kan aikin da ya bari. Ka mayar da baƙinmu gida lafiya. Ka kiyaye direban da zai ɗauki kayan nan, da dawakin da za su tsallake su, da yaran da ke kansu. Sannan, ya Ubangiji, mun san manoma suna roƙonka ruwa, ba ma ja da su. Amma in da hali, ka riƙe mana shi zuwa Alhamis. Amin.